Ranar da Na Bar Mai Keke a Ƙofar Asibiti

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Kaduna lafiya, ka tarar da masauki mai albarka da abokan aiki masu tsoron Allah. Innarka na ba wa, ta tura maka ita can ƙasan akwati, don na san sai ka natsu hannunka zai kai wurin. Kada ka ga laifin rubutun. A ajin yaƙi da jahilci na koye shi, kuma hannun da ya saba da sitiyari ba ya yi wa biro ladabi.

Kai ne ɗan fari, ga shi sunan mahaifina ka ci, shi ya sa tun da aka haife ka ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ido da ido ba. Amma ranar Juma'ar da ta wuce na ji wata magana daga bakinka da ta hana ni sukuni. Ina zaure ina alwala, kuna ƙofar gida kai da abokanka, sai wani ya ce maka, "Kai da ba ka san Kaduna ba, yaya za ka yi da motar asibiti?" Ka yi dariya ka ce, "Ni fa ɗan Sule Ba-ka-ɓata ne. A gidanmu ba a tambayar hanya." Suka tafa maka. Ni kuwa sai da na ajiye butar.

Wannan suna da kake tinƙaho da shi, ina so ka san abin da ke ƙarƙashinsa kafin ka ɗauki ran mutane a mota. Na san in ka gama karantawa ba za ka ƙara dubana kamar da ba, kuma wallahi abin da ya sa na daɗe ina jan ƙafa ke nan. Babu uban da ke son girmansa ya ragu a idon ɗansa.

Ba zan yi maka ƙarya ba, na san gari. A Fagge aka binne cibiyata, kuma ƙafata ta taka kowane lungu nata tun kafin in san mene ne giyar mota. Sabon Gari ba ta da wuya, layukanta miƙaƙƙu ne, kowanne da sunansa, gidaje da lambobinsu. Fagge ce mai aiki. A can gida ba shi da lamba, sai dai a ce gidan wane, ko gidan masu kaza, ko bayan bishiyar kaza. Duk na haddace su. Mutum zai zo asibiti a gigice, kafin ya gama faɗin sunan ubansa na tayar da mota. Da haka aka laƙaba mini sunan, ni kuma na bari ya shiga kaina ya yi ɗaki ya zauna.

Ka san yadda aikin yake, ba kowa ke da waya a gida ba. Mai mara lafiya shi ke zuwa da ƙafarsa ya kira mu. Ƙa'idar da na tarar, wadda tsofaffin direbobi suka koya mini, ita ce wanda ya zo kira shi ke shiga gaba ya zauna kusa da direba, don shi ne idonka. In da keke ya zo, a cusa keken a baya.

To, sai ga kuɗin man fetur sun fara shigowa ƙasa. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, wanda ke tafiya a ƙasa ya sayi keke, mai keke ya sayi babur, kowa kuma ya kama gini kamar an yi shela. Asibitinmu ma aka kawo mana sabuwar mota fara ƙal, mai jiniya, ko ledar kujerunta ba a ɓare ba. Ni aka damƙa wa makullinta. Za ka tuna ta, don in ka zo hutu daga makarantar kwana kai kake riƙe mini bokiti in ina wanke ta. Innarka har cewa take da motar nan mutum ce da tuni na kai kuɗin aurenta.

Wata rana da hantsi, cikin damina, sai ga Raufu ya faɗo harabar asibiti a kan keke, gumi ya jiƙa masa riga, tayoyin duk taɓo. Raufun da ka sani, mai shagon atamfa a wajen mahaɗar Bata, ɗan marigayi Alhaji Lamidi, Bayaraben nan haifaffen Kano da Hausarsa ta fi tawa daɗi. A lokacin matashi ne sabon aure, ya auri wata Bahaushiya mai suna Hajara.

Ya ce, "Malam Sule, a taimaka! Iyali ne. An sauka tun da safe, amma jini ya ƙi tsayawa."

Na ce, "Kai ba ɗan Alhaji Lamidi ba ne?"

Ya ce, "Ni ne."

Na ce, "To ai magana ta ƙare. Gidanku na Sabon Gari ko ido a rufe na je shi."

Nas ɗin da muke fita tare a lokacin ita ce Sista Rifkatu, Kirista ce mutuniyar wajen Zariya, mace mai sanyin magana da zafin nama. Kafin in rufe baki ta shiga da jakarta. Ta leƙo ta ce, "Malam Sule, a sa kekensa a baya ya shigo mana." Na dubi taɓon da ke jikin keken, na dubi cikin motata mai ƙyalli. Abba, abin da na duba ke nan, ba wani abu ba. Na ce, "Bar shi ya biyo mu, ai mu za mu riga shi."

Raufu ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai ita tana..."

Na ce, "Na sani, na sani!" Na kunna jiniya na ja mota. A madubi na hango shi tsaye riƙe da keke, bakinsa a buɗe.

Ɗana, duk ranar da ka ji kalmar nan "na sani" tana ƙoƙarin fitowa daga bakinka alhali mai magana bai dire ba, ka cije ta. Ka bar mutum ya kai aya ko da yana in'ina, ko da ka tabbata ka san abin da zai faɗa. Kuma kada ka tambaye shi gidan wa, ka tambaye shi ina mara lafiyar yake kwance a yanzu. Ba ɗaya ba ne. Wanda ya zo kira kuwa ka sa shi a gaba, ko da jaki ya zo da shi. Taɓo ruwa ke wanke shi.

Muka kutsa ta Bata. Ka san Bata ta wancan zamani: tireloli maƙare da siminti, tifofin yashi, 'yan kura, sababbin masu babur da ba su gama koyon birki ba. Jiniya tana ihu, amma wanda zai kauce maka shi ma ba shi da wurin kaucewa. Da ƙyar da jiɓin goshi muka fita, muka shiga Sabon Gari, na taka birki a ƙofar gidan Alhaji Lamidi ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Gidan shiru. Babu kuka, babu masu kai da kawowa. Sai ga mahaifiyar Raufu, wadda kowa ke kira Iya Raufu, ta fito tana goge hannu a zani.

Ta ce, "Lafiya, Baba direba?"

Na ce, "Iya, ina mai jegon? A fito da ita maza."

Ta dafe ƙirji ta ce, "Hajara? Innalillahi! Me ya same ta? An aiko mana an sauka lafiya, yanzu nake shirin tafiya barka. Ai tana gidan iyayenta a Rijiyar Lemo. Haihuwar fari ce fa, goyon ciki ta tafi tun da cikin ya tsufa. Baba direba, ku ne fa masu al'adar!"

Mu ne masu al'adar. Kai kanka a gidan kakanninka aka haife ka, kuma ni da kaina na ɗauki akwatin Innarka na raka ta. Na san yaro ne sabon aure, na san 'yar Hausawa ya aura. Ko ɗan koyo ya san mai haihuwar fari ba a nemanta a gidan miji. Amma ni sunan uba kawai na ji, kaina ya zana mini ƙofar gida, na bi zanen.

Iya ta ce, "Tsaya in ɗauko gyalena in nuna muku gidan."

Na ce, "Iya, babu lokaci. Yi mini kwatance kawai."

Ta ce, "In ka wuce Kwaciri ka miƙe, za ka ga wani babban durumi a hannun dama. Gidan yana bayansa, suna sayar da daddawa."

Ban jira ƙari ba. Ko sunan maigidan ban tambaya ba. Na ce babu lokaci, amma ɗauko gyale ai ba ya cin lokaci. Gaskiyar magana ita ce kunya ta kama ni, ba na son tsohuwar ta zauna kusa da ni tana kallon mutumin da ya yi ɓatan kai. So nake in gyara abin ni kaɗai, kada kowa ya ce an taimake ni. Ka ga a rana ɗaya na bar mai sanin hanya a tsaye har sau biyu.

Ka kiyayi wannan, Abba. Kuskure na farko kowa na yin sa, amma kunyarsa ita ke haifo na biyu, kuma ɗan ya kan fi uban girma. In ka ɓata, ka faɗa da bakinka a take, ka ce na ɓata, a nuna mini. Ba za a rage maka albashi ba. In tsohuwa ce za ta nuna maka, ka jira ta ta ɗauko gyalenta, ka buɗe mata ƙofa.

Rijiyar Lemon da na sani gonaki ce da 'yan gidaje jefi-jefi. Wadda na tarar ran nan ban taɓa ganinta ba. Gidajen bulo sababbi ko'ina, babu filasta, duk kamarsu ɗaya. Durumin da Iya ta ce kuwa babu shi babu alamarsa, an sare shi an haƙa harsashin bene a wurin. Ita rabonta da unguwar tun biki, ni kuma na daɗe ban leƙa ba, don a ganina wanda ya haddace ba ya bita. Na shiga wannan layi, na tarar tifa ta juye yashi ta toshe shi. Na yi baya-baya, na shiga wancan, ya kai ni bakin kududdufi.

Sista ta ce, "Malam Sule, don girman Allah mu tsaya mu tambaya."

Na ce, "Sista, ni za a nuna wa Kano?"

Sai ta ɗora jakarta a cinya ta rungume. Na ci gaba da zagaye. Da dai na ga abin ya fi ƙarfina, na tsaya wajen wasu dattawa da ke zaune a rumfar wani masallaci. Ban kashe jiniya ba, ban sauko ba, na zuro kai ta taga na ɗaga murya na ce, "Kai, ina gidan su Hajara mai haihuwa?"

Suka dubi juna. Babbansu ya gyara zama ya ce, "Wa alaikumus salam." Sallamar da ban yi ba ya amsa. Sannan ya ce, "Wace Hajara? 'Yar gidan wa?"

Na ce masu sayar da daddawa, ya ce shi bai san harkar daddawa ba, wannan sai mata. Na daɗe ina jin haushin dattawan nan, amma daga baya na gane ba mugunta suka yi ba. Baƙo ne ya zo yana shelar sunan matar aure da haihuwarta a tsakiyar titi, ko ni ne ba zan miƙa hannu in nuna ba. Kuma su maza da sunan maigida suke sanin gida, ni ko ban zo da shi ba.

Ina nan ina cacar baki, Sista ta buɗe ƙofa ta sauka. Ta durƙusa ta gai da dattawan, ta yi sallama ta shige gidan da ya fi kusa. Kafin in juya mota ta fito da gudu, wata mata tana biye da ita tana nuna wani lungu a bayanmu. Lungun da muka yi ta wucewa ta bakinsa ne tun da muka shigo unguwar.

Wannan ma ka riƙe. Sallama ba ta cin lokaci, rashinta ne ke ci. Ka kashe jiniya, ka sauko, ka gaisa, sannan ka ambaci sunan maigida da sana'arsa. In kuwa mace ce mara lafiyar kuma akwai nas tare da kai, ka roƙe ta ta shiga gida mafi kusa. Kai ba a barinka ka wuce zaure, ita kuwa har ɗaka za ta shiga, kuma babu matar da za ta yi naƙuda a unguwa matan unguwar ba su sani ba.

Da muka isa ƙofar gidan, mun makara. Raufu ya ji na ce na sani, ya yarda na sani, ya taka kekensa kai tsaye ya riga mu da nisa. Sun jira, sun jira, da suka ga tana sanyi sai suka roƙi wani mai a-kori-kura da ya kawo bulo, aka shimfiɗa mata katifa a baya aka tafi da ita. Muka juyo da mota babu kowa a ciki. Kafin mu iso asibiti rai ya yi halinsa, a bakin ƙofa ta cika. Jaririyar ta rayu.

Sista ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Tana wanke hannu a famfo ta ce, "Malam Sule, ban ce da ta rayu ba, wannan na Allah ne. Amma da mun same ta, akwai abin da ke cikin jakar nan da zan gwada." Daga ranar ba ta ƙara kirana da sunan nan da kake alfahari da shi ba.

Za ka ji mutane suna cewa kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, babu mai wuce ranarsa. Amma wannan magana ta masu rashi ce, da ita suke samun sanyi. Ba ta direba ba ce. Kada ka ɓuya a bayanta kamar yadda na ɓuya.

Yanzu ga wanda ya fi duka muni. Na je ta'aziyya a Sabon Gari, zaure cike da mutane. Da Raufu ya gan ni sai ya taso ya kama hannuna da hannu biyu, yana hawaye, ya ce, "Malam Sule, ka yafe mini wahalar da na sa ka. Laifina ne. Ni ne ban faɗa maka tana gidansu ba."

Mutane suka yi ta gyaɗa kai, wani har ya ce ai ko Sule sai an yi masa kwatance daidai. Ni na san ya ɗaga hannu. Na san ya buɗe baki na rufe masa shi da jiniya. Magana ta zo mini har maƙogwaro, na dubi jama'a, na haɗiye ta. Na ce, "Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri." Na fito da sunana lafiya lau, na bar yaron da kayan da ba nasa ba.

Tun daga ranar ban ƙara ɓata ba, amma ba don na fi da sanin gari ba. Ban ƙara tashi ba sai da mai kira a gefena. Ranar da ba ni da aiki na kan ajiye girman kai in bi sababbin unguwanni a ƙasa, in zauna wajen masu shayi da wanzamai da teloli, in ji wa ya tashi, wa ya tare, wane layi aka toshe, wace bishiya aka sare. Haka nake so ka yi wa Kaduna tun daga makon farko. Ka je ka gai da masu unguwa tun ba ka da bukatarsu. Sunan da ka gada, in akwai gaskiya a cikinsa, tambaya ce ta sa masa ita, sai dai a ɓoye nake yin tambayar don kada a ce Sule ya gaza. Har kai na ɓoye wa, ga shi kuwa ka tashi kana zaton a gidanku ba a yi.

Shekarun nan duka, in na bi ta Bata, Raufu ya kan tashi ya ba ni kujerarsa, ya aika a sayo mini lemo. In 'yarsa tana shagon, wadda aka mayar wa sunan uwarta ake kira Ummi, sai ya ce, "Zo ki gai da Baba, shi ne ya yi wa mahaifiyarki ƙoƙari." In zan tafi ya rako ni har bakin titi. Ni kuma in sha lemon, in shafa kan yarinyar, in dawo gida in kasa cin tuwo.

Jiya, da na yanke shawarar rubuta maka wannan, sai na ga ba daidai ba ne ka riga shi ji. Na je shagon bayan azahar, na tarar yana auna wa wata mata yadi. Na jira ta tafi, na ƙi zama a kujerar, na ce, "Raufu, ranar nan ka faɗa. Ka ɗaga hannu ka fara faɗa, ni ne na katse ka. Kuma saboda taɓon kekenka na ƙi ɗaukarka. Ba laifinka ba ne, bai taɓa zama laifinka ba."

Ya daɗe yana ninke atamfar da ke hannunsa, ya warware, ya sake ninkewa. Sannan ya ce, "Ni ma ina ganin kamar na fara faɗa. Amma da na ga babba kamarka bai ce komai ba, sai na ɗauka ruɗewa ce ta sa nake zaton haka." Ya ajiye atamfar ya dube ni ya ce, "Malam Sule, da ka gaya mini tun a zauren nan, da na samu barci a shekarun nan."

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya ce, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

Na yi masa sallama ya amsa, amma bai tashi ya raka ni ba. Na fito ni kaɗai na tsallaka titi, kuma ban ga laifinsa ba.

To, Abba, ka ji ko wane ne ubanka. In ka dawo hutu ka kasa haɗa ido da ni, zan gane, zan kuma jure. Na gwammace hakan da a ce wata rana wani yaro ya kama hannunka a zauren makoki yana ba ka haƙuri.

Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare waɗanda za ka ɗauka, ya sa ka riƙa isa ƙofar da ake jiranka tun da sauran numfashi. Allah ya haɗa ka da masu nuna hanya na gari, ya ba ka kunnen sauraronsu. Innarka tana gaishe ka, ta ce kada ka yi wasa da cin abinci. In ka yi salla ka sa Hajara a addu'a, ka sa Raufu da 'yarsa, in da saura ka sa ni.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sule direba,
Fagge, Kano.